Yayar Lucky

Shekara ashirin da bakwai Rhoda ta yi a duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba. Ba ƙiyayya ba ce, ita ma ta sani. Ita ce 'yar fari, Malam Nehemiya kuwa mutumin ƙauyen Zariya ne, inda ake jin kunyar ɗan fari kamar yadda ake jin ta suruki. Ya yi shekara talatin yana koyarwa a Kano, ya kira sunan yaran da ba su ƙirguwa, amma in ya zo kan tasa sai ya ce "ke". In akwai baƙi, ya ce "yayar Lucky". Har shekarar da ta zauna a ajinsa, in yana kiran suna da safe ya iso kan nata, sai ya ɗaga kai ya dube ta, ya ja alama a rajista, ya wuce na gaba.

Ta daɗe da haƙura. Abin da ya tayar da tsohon ciwon shi ne saura sati uku a ɗaura aurenta da Kenechukwu, wanda ya samu aiki a Fatakwal, can kuma za su tare. Tun da aka sa rana take kwana take tashi da buri guda: ta ji sunan nan sau ɗaya kafin ta bar Kano.

Kowace shekara matasan cocinsu da ke Sabon Gari sukan haɗa ɗan fim, su ɗauki ɗaya daga cikin misalan da ake karantawa a coci su mayar da shi na zamani. Kyamara ɗaya gare su, ta Kenechukwu, da makirfo guda da suke ɗaure wa a kan gora. In an gama a haska a jikin farin zani a harabar coci, sauran kuma a tura wa juna a waya. Rhoda ce mai rubutawa, ita ce darakta. A bana ta zaɓi misalin ɗan nan da ya karɓi rabonsa ya tafi ya lalatar, ya dawo gida hannu rabbana. Ta mayar da uban mai shagon atamfa, autan ya tafi Legas ya ƙare da dako a tasha. Babban ɗan kuwa, wanda ya zauna gida yana ta hidima ba wanda ya taɓa yi masa biki, ta mayar da shi mace. Ta ba ƙaninta Lucky matsayin auta, ta lallaɓi Baba ya fito a uba, ita ta ɗauki yaya.

Kenechukwu na karanta rubutun a shagonsa na gyaran waya, sai ya tsaya a shafi na tara ya ɗago kai. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano.

"Malama darakta, yayar nan ta fim me sunanta?"

"Ba ka iya karatu ba ne?"

"Na iya. Rhoda. Duk sunayen da ke duniya." Ya karanto da muryar tsoho: "Rhoda, 'yata, yaushe na taɓa raba nawa da naki?" Ya ajiye takardar. "Wannan ai ba fim ba ne, tarko ne kika ɗana wa dattijo."

"Lucky ma da sunansa ya fito."

"Ni dai ba ruwana. Mutumin da bai gama ba ni 'yarsa ba, ba zan riƙe masa igiyar tarko ba."

Amma da ya ga idonta ya cika, sai ya daina dariyar. Ya tura mata gyaɗar da ke gabansa, ya ce a hankali, "To. Zan caja wa kyamara batir biyu."

A gidan Hajiya Kubura da ke Fagge aka yi ɗaukar. Hajiya 'yar asalin Barno ce, dillaliyar atamfa, aminiyar marigayiya mahaifiyar Rhoda tun suna maƙwabtaka a Kwaciri. Ta ba su zaurenta da dilar atamfa shida aka jera suka zama shago, da sharaɗin kada kowa ya zauna mata a kai. Kiwataccen maraƙin da ake yanka wa ɗan da ya dawo ya koma zakara guda, shi ma na Hajiya, shi ma da sharaɗin ba za a yanka ba.

"A nuna shi dai, a mayar min da shi," in ji ta. "Wannan coci naku, ko akuya ba ku da ita?"

"Hajiya, a fim ɗin bara ma ke kika ba mu tunkiyar da ta ɓata," in ji Lucky.

"Ai ina sane. Har yau ba ta dawo hayyacinta ba."

Dawowar auta ba ta ba su wahala ba. Lucky ya fito daga lungu da yagaggiyar singileti, ya shafa toka a ƙafa, Malam Nehemiya ya hango shi daga bakin zaure, ya tattare babbar riga ya nufe shi yana kiran "Lucky! Lucky!" har muryarsa na rawa. Masu adaidaita sahu biyu suka tsaya kallo, ɗaya ya ce, "Allah sarki, Baba, ka yafe masa!" Sau ɗaya aka ɗauka. Rhoda na tsaye bayan kyamara, tana jin yadda sunan ƙaninta ke fita daga bakin nan ba ko gargada.

Sai aka zo shafi na tara. Yaya ta dawo daga kasuwa ta tarar ana kiɗa, ta ƙi shiga, uba ya fito ya lallashe ta. Rhoda ta tsaya a bakin zaure ta harɗe hannu, ta faɗi nata kalaman, ba ta ma buƙaci takarda ba. Shekara nawa tana buɗe shago tana rufewa, ko kaza ba a taɓa fige mata ba.

Malam Nehemiya ya matso. Ya buɗe baki.

"Ke yarinya, yaushe na taɓa..."

"A tsaya. Baba, ba haka aka rubuta ba."

Ya zaro tabarau ya duba takardar ya daɗe, kamar mai duba jarrabawa. Aka sake.

"Yayar Lucky, yaushe na..."

"Baba."

A karo na uku tari ya kama shi daidai wurin. A na huɗu ya fara daga tsakiyar jimla. A na biyar ya tsaya yana kallon ƙasa, gumi na bin gefen hularsa, shi da yake karanta sura guda a gaban coci ba ya tuntuɓe. Lucky, mai riƙe da gorar makirfo, ya sauke ta a hankali. Har zakaran ya yi shiru.

"Rana ta yi," in ji Malam Nehemiya. Ya cire babbar rigar ya naɗe, ya fita waje.

Hajiya Kubura ta kama hannun Rhoda ta ja ta bayan dilolin atamfa.

"Ke, ba kya jin tsoron Allah? A gaban surukinsa? A gaban 'yan adaidaita?"

"Hajiya, suna ne fa kawai."

"Kawai! Sammani nawa, ɗana na fari, yau shekararsa arba'in da ɗaya, da furfura a gemunsa, ban taɓa kiransa ba. Yanzu ma da na faɗa miki, ji nake kamar na fito ba mayafi. Kina tsammani ba na son sa ne? Ranar da ya faɗi a babur ni aka fara yayyafa wa ruwa." Ta goge wa Rhoda fuska da gefen mayafinta. "Uwarki ta gaya min, shi ya zaɓa miki sunan nan. Ya rubuta a takarda ya miƙa wa fasto, don ko ranar bai iya faɗa ba."

"Na sani, Hajiya. Wallahi na sani yana so na." Kukan da take dannewa ya ƙwace. "Amma Fatakwal zan tafi. Mama ta tafi, ba ni da muryarta ko ɗaya. Na ce ko a fim ne, in samu abin da zan kunna in kewa ta ishe ni."

Hajiya ta rungume ta. Da suka fito, Malam Nehemiya na tsaye a ƙofar zaure yana gyaran agogonsa da ba abin da ya same shi. Rhoda ba ta san tun yaushe yake wurin ba. Kunya ta rufe ta. Ta ɗauki biro ta soke sunan daga shafi na tara a gabansa, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. A fara daga 'yata." Aka ɗauka haka. Ko kalmar 'yata ɗin ma zakaran ya kalla ya faɗe ta, ba ita ba.

Kwana biyu bayan nan Kenechukwu ya kira ta ya ce akwai matsala. Hoton ya yi kyau, amma sautin shafi na tara ya lalace. Mai tallar maganin basir ya ratsa layin da lasifikarsa daidai lokacin da uba ke lallashin 'yarsa, har farashin kwalba ana ji. Dole Baba ya zo a sake ɗaukar muryarsa ita kaɗai, a ɗora a kan hoton.

Ranar Asabar da hantsi, da aka kawo wuta, suka haɗu a shagon. Can baya akwai ɗan sito da Kenechukwu ya jingina wa katifu biyu a bango don su tare hayaniyar kasuwa. Ya zaunar da Malam Nehemiya a kan kujerar roba a ciki, ya saita masa makirfo, ya jawo ƙofar. Wayar makirfon ta biyo ta ƙarƙashin ƙofa zuwa kwamfuta. Rhoda ta zauna a kan benci tana wasa da zoben baikonta. Tun ranar Fagge gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da mahaifinta, ita ma a takaice.

Kenechukwu ya kifa na'urar sauraro a kunnensa, ya ɗaga murya. "Baba, kafin mu fara, ka faɗi kowace irin magana in gwada ƙarfin sautin. Ko ɗaya, biyu, uku."

Can muryar ta fito ta bayan ƙofa.

"Wa ke saurare?"

"Ni ne, Baba."

"Kai janareta ta gama da kunnenka. Miƙa wa darakta."

Kenechukwu ya dubi Rhoda, ya ɗaga gira, ya miƙa mata na'urar. Ta kifa a kunne, nan take kasuwar Sabon Gari ta ɗauke, masu kiran ciniki da hon da kiɗan shagon maƙwabta duk suka koma nesa. Ba abin da ya rage sai numfashin mahaifinta, kusa ƙwarai, irin kusancin da rabonta da shi tun tana 'yar ƙarama tana barci a kafaɗarsa a motar Zariya. Ta ji kujerar robar ta yi ƙara. Ta ji ya haɗiyi yawu. Ta ji ya ja numfashi ya sake, ya kuma ja.

"Rhoda."

A hankali ya faɗa, ya ja farkon, kamar mai ɗauko tangaran daga saman kabad. Haka Mama take ja. Ashe ba Mama ce ta ƙirƙiro ba, ko kuwa shekara da shekaru yana saurare yana ajiyewa, Rhoda ba ta sani ba. Ta dafe na'urar da hannu biyu.

"Rhoda. Ana ji?"

Ta shiga gyaɗa kai da ƙarfi, ta manta akwai ƙofa tsakaninsu, hawaye na ɗiga a kan allon madannan kwamfutar. Kenechukwu ya janye kwamfutar gefe da hannu ɗaya, ya riƙe kafaɗarta da ɗayan.

"Kai, Kene," in ji muryar, ta koma ta malamin makaranta, "ka danna abin naka kuwa? Ni ba na maimaita darasi sau uku."

Kenechukwu ya nuna mata ɗan jan ɗigon da ke kiftawa a kusurwar allo. Tun kafin ya rufe ƙofa ya danna. "An danna, Baba," ya ce, shi ma muryarsa ba daidai take ba. "Sauti ya yi. Ya yi sosai."

"To mu yi aikin da ya kawo mu."

Ya karanta kalamansa sau ɗaya, tsaf, daga 'yata har ƙarshe, kamar yadda aka gyara a takarda. Sannan ƙofar ta buɗe ya fito yana fifita da hularsa. Bai dubi inda take ba. Ya tsaya yana nazarin wayoyin da ke cikin gilas kamar mai shirin saye.

"Wannan ɗaki naka tanda ne," ya ce wa Kenechukwu. "Ka ce wa yayar Lucky ta samo min ruwa mai sanyi."

Rhoda ta miƙe da sauri har ta kusa tafiya da na'urar a kanta. A bakin ƙofa ta juyo ta miƙa wa Kenechukwu wayarta, ta yi masa raɗa: "Tura min yanzu. Ka ajiye wani a wurinka, wani kuma ka ba Lucky." Sannan ta fita cikin rana tana share ido da bayan hannu, tana neman mai ruwan da ya fi kowanne sanyi a layin.