Doyar Gangara

"Maliki, doyar ga taku ta Gangara, wace iri ta? Ban taɓa samun rabona ba."

Malama Jamilatu ce ta yi tambayar, tana zaune bisa tabarma a zauren gidansu da ke Isa, kundin kammala karatunsa a buɗe kan cinyarta. Ita kwalejinsu ta horar da malamai ta ɗora wa duba aikinsa, kuma da hutu ya zo ta ce ya biyo ta gida.

Kundin ya sha baƙin bango da rubutun ruwan zinare, ko limami ya gan shi sai ya gyara zama. Ta karanta masa shafin da Turanci, sannan ta mayar da Hausa don kada ya ce bai ji ba: wai a Gangara ana ruwa wata tara a shekara, manoma sun dogara da doya da koko, babbar damuwarsu kuma ciyawa ce da ke fin ƙarfinsu.

A hanyarsa ta zuwa, tun daga Sabon Birni, gero ya gani tsaye iya gwiwa, ya naɗe ganye ya yi fari. Ruwa ya ɗauke tun tsakiyar damina.

Gaskiyar magana, bai taɓa buɗe kundin ba. Wa ke buɗewa? Akwai wani shago a bayan kwaleji, mai kwamfuta zai ɗauko aikin wani ɗan Kudu, ya goge sunan garinsu ya sa naka, shi ke nan ka zama marubuci. Abokinsa Amiru, ɗan Unguwar Lalle, shi ya kai shi, kuma malamin da ke duba nasa ya sa hannu tuni ko shafin farko bai ɗaga ba.

"Ranki shi daɗe, a taimake ni," in ji Maliki. "Hedimastan garinmu ya ce akwai gurbin malami guda, da an dawo daga hutu za a cike shi. Bana ba mu da komi a gona."

"Na sani. Nan ma hakanan ta." Ta rufe kundin a hankali. "Amma ba ni sa hannu ga wanga. Gobe ɗiyan mutane za a ba ka. In kana son koyo, duk ranar kasuwa ina nan. Taho da takarda da biro."

Ya fito yana jin haushinta har cikin ransa.

* * *

"Sa hannu ɗai ya gagara?" Na'Allah, mahaifinsa, ya aje fartanyar da yake gyara wa ƙota. "Mi ka rubuta ciki da har ta ƙi?"

Ba yadda Maliki ya iya, ya fassara masa. Da aka zo kan doya, mahaifiyarsa Kande ta yi dariya har ta saki muciya. Na'Allah kuwa ko murmushi bai yi ba.

"Da sunan garinmu?"

"E, Baba."

"To, in gwamnati ta karanta wanga, ai cewa za ta yi muna cikin daula. Wa za shi kawo muna agaji?"

Maliki ya buɗe baki zai ce ba mai karanta irin waɗannan kundaye, ɗaki ake zuba su gara ta yi biki. Sai ya dubi fuskar tsohon, mutumin da ya yi shuka bana har irin ya ƙare, ya ji kunya ta rufe shi.

"Koma wurin matar ga," in ji Na'Allah. "Ka rubuta abin da ka gani da idonka."

* * *

Malama Jamilatu ba ta da sauƙi, wannan kowa ya shaida. Amma irin tsananin nan ne da mutum ke tunawa da shi yana sa albarka. Ba ta barin ka taɓa biro sai ka faɗi maganarka da baki, da Hausa, ta gane. In ka fara jero manyan kalmomin Turanci sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya yi? Mi ya yi? Hwaɗa mini hakanan, sannan ka rubuta."

In kuma ka kawo wani zance, tambayarta ɗaya ce: "Wa ya gaya maka?"

Wannan tambaya ita ta fitar da Maliki daga gida. Ya zaɓi ya yi rubutu a kan binne, shukar da manoma ke yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari ya sauka. Ya bi gonaki da majalisu, ya ji waɗanda yayyafi ya ruɗi irinsu ya tsiro ya ƙone, da waɗanda suka jira ruwa suka makara. Har fataken da ke shigowa daga Nijar ya tare ya tambaya. Ya kan kawo shafi ɗaya, ya koma da shi ja-wur da biron Malama. Wata rana ta sa shi ya sake sakin layi guda har azahar ta yi, ta kawo masa fura, ta ce ya ci gaba. Ba ta taɓa rubuta masa ko jimla ɗaya ba, ba ta kuma taɓa cewa ta gaji ba, alhali hutunta ne.

Ranar da ta karanta shafi har ƙasa biron bai sauka ba, sai ta ɗago ta dube shi.

"Wanga naka na. Ko cikin dubu ina gane shi."

Maliki ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun da ya shiga makaranta.

Sai dai rubutun gaskiya ba ya sauri. Aka dawo daga hutu yana babi na ƙarshe. Malama ta je da kanta ta roƙi hedimasta ya ɗan jinkirta, ya ce shi takarda ya sani. Amiru ya kawo tasa, aka ba shi aji.

* * *

Da kaka, wadda suna kawai ta yi, Maliki ya dawo da kundin. Siriri ne, bangonsa ba ado, sa hannun Malama Jamilatu na shafin farko. Ya zauna a tsakar gida ya fassara wa iyayensa tun daga farko. Na'Allah na gyaɗa kai, yana jin sunayen maƙwabtansa da gonakinsu.

"Hakanan ta," ya ce. "Yanzu gwamnati ta ji."

Maliki ya rufe kundin. Da safe shi da mahaifinsa za su hau mota zuwa cin rani, kayansu na ɗaure a bakin ƙofa.

Bayan sun tafi, Kande ta yi ta juya kundin a hannu. Ɗaki akwai gara, waje akwai awaki. Ta goge bangon da gefen zanenta, ta naɗe shi a leda, ta taka turmi ta buɗe murfin rumbu. Ta zura hannu iya tsawonsa, ta sake shi. Ta ji ƙarar saukarsa a ƙasa.