Ƙiftawar Fitilar Foraj

…kuma tana ta ƙiftawa. Ja, duhu, ja, duhu. Wannan fitila ba ta san kunya ba.

Kai Garbai, ka san ni na haɗa ta da hannuna. Maganaɗisu daga cikin mataccen rediyo, na ɗaure shi jikin ƙafar da ke juya famfon foraj, rijiyar burtsatsenmu — ƙafa ta juyo, ya ja ɗan harshen gwangwani, harshe ya taɓa waya, ƙwan fitila ya kama. Shi ke nan. Na ɗora ta kan dogon ƙarfe don makiyaya su hango ta daga bayan tudun rairayi.

Me na ce maka ranar kasuwar Gure? "Yaya, kada ka yarda da ƙarar inji. Yana iya ruri alhali igiya ta zame, famfo na tsaye. Fitila za ka duba. In tana ƙiftawa, koro shanunka." Ka ce mijin ƙanwarka ya zama boka. Habsu ta yi dariya har da riƙe ciki… yaushe rabon da in ji dariyarta?

Ƙafa na juyawa. Wallahi tana juyawa. Ga bakin bututu, ga tafin hannuna — iska. Da la'asar laka yake tofarwa, yanzu ko lakar babu. Ruwa ya gudu ƙasa ya bar ni da juyi.

Juyi na koya wa fitilar ta faɗa. Ban koya mata ruwa ba. Wa ya taɓa raba su? Tun da aka haƙa wurin nan, juyi shi ne ruwa…

Ga magariba ta yi. Yanzu kana mararraba, na sani, inda hanyar rijiyar Kelle ta rabu da tamu, kana ɗaga kai. Bayanka abin da fari ya bar maka. Har da jar saniyar Habsu, wadda innarku ta ba ta ranar da aka kawo mini ita — haƙarƙarinta sai ka ƙirga daga nesa. Za ta kai Kelle? Yini guda, a wannan ƙafa tata?

In na kashe inji, rijiya ta huta, ƙila ta tara kafin asuba. Ƙila. Amma inji ya tsaya, fitila ta mutu, ka juya Kelle. In na bar shi, ka zo — ka tarar da kwamin shayar da shanu busasshe da ni tsaye kamar gunki. Gaba kura, baya sayaki.

Tsoro nake ji, Garbai. Ba na inji ba. Na idonka.

Wayar fitilar siririya ce, yatsa biyu sun isa. Ga ta tsakanin yatsuna, da ɗuminta. In ja? In bari? Ya Allah… wannan fa? Inji ne ke yi mini gizo a kunne, ko kukan saniya ne?

Daga gangaren tudu yake zuwa. Ba daga mararraba ba.

Ka riga ka gani. Ka yarda da ni.

Ja… duhu… ja…