Magini da Bangon Ɗakin Yaya

Mutanen da wannan labari ya shafa su biyar ne. Akwai Magini, wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana gini a unguwarsu. Akwai matarsa, wadda yake kira Uwar Yara. Akwai yayarsa, tsohuwa mai dogara sanda, wadda ta dawo gidansa bayan rasuwar mijinta, kowa kuma Yaya yake ce mata. Akwai Tela, maƙwabcinsa, wanda suke tsokanar juna tun suna samari. Ta biyar ita ce Mai Dubawa, ma'aikaciyar da gwamnati ta turo.

A shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya kwana uku a cikin unguwar kafin ya janye, ya bar laka har gwiwa da gidaje a tsattsage. Gwamnati ta sanar cewa za ta tallafa wa waɗanda abin ya shafa da siminti da bulo da kwanon rufi, amma bisa sharaɗi guda: kada kowa ya taɓa ɓarnar gidansa sai ma'aikaci ya zo ya gani da idonsa, ya ɗauki hoto.

Wannan sharaɗi bai yi wa kowa nauyi ba sai Magini. Bangon ɗakin Yaya, wanda ke fuskantar titi, ya tsage tun daga ƙasa har gindin taga, tsagar da hannun mutum ke iya shiga. Da ya duba, ya gane ruwa ya ci harsashin ginin. Sai dai a rushe a sake, in ba haka ba, ruwan sama mai ƙarfi guda ɗaya zai iya kifar da bangon a kan tsohuwa. Shi kuwa ba shi da kayan aiki, ban da rabin buhun siminti da ya tsira a saman kabad. Tallafin gwamnati shi ne kaɗai mafita, ya kuma san haka sarai.

Amma kowace safiya Tela yakan fito da keken ɗinkinsa ƙofar gida, ya daɗe yana kallon tsagar, sannan ya ɗaga murya yadda masu wucewa za su ji:

"Maƙwabci, wane ne ya yi maka wannan gini? Faɗa mini sunansa, don in riƙa kauce masa."

Magini ya jure kwana huɗu. A na biyar, da Uwar Yara ta tafi kasuwa, sai ya sauko da rabin buhun, ya ce a ransa zai ɗan share wa bangon fuska ne kawai. Ya cusa tsakuwa a tsagar, ya kwaɓa siminti, ya yaɓe, ya goge da cokalin gini har ya yi sumul. Da ya ga wurin ya fi sauran bangon kyau, sai ya shafe bangon duka da farar ƙasa don kada a ga bambanci.

Uwar Yara ta dawo, ta tsaya a bakin titi da kwando a kanta.

"Maigida, me zan gani haka?"

"Gyara ne ɗan kaɗan."

"Gyara! Duk unguwa kowa na tattalin ɓarnarsa kamar jariri, kai ka yi wa taka wanka da kwalliya. To, in sun zo, me za mu nuna musu? Kyawun hannunka?"

Bayan kwana biyu Mai Dubawa ta iso, sanye da takalmin roba, riƙe da takardu da wayar ɗaukar hoto. Ta fara da gidan Tela, wanda ya zagaya da ita lungu-lungu yana share ƙwalla, har da wata tsaga da Magini ya san ta kai shekara goma a wurin. Da ta zo ƙofar Magini, sai ta ja ta tsaya, fuskarta ta washe.

"Masha Allah! Baba, ku kam Allah ya tsare ku. Tun safe ban ga bango mai lafiya irin wannan ba. Wane ne ya gina shi?"

Magini ya ji wani daɗi ya ratsa shi har cikin ƙashi. Ya gyara hularsa.

"Ni ne, 'yata."

"Ruwan bai yi masa komai ba ke nan?"

Uwar Yara ta yi tari. Ta sake yin wani, mai ƙarfi. Magini ya dubi mutanen da suka taru, cikinsu har da waɗanda ya taɓa gina wa gidaje, ga Tela a gaba ya naɗe hannu yana jira.

"To," in ji shi, "aikin hannu ai ba ya ɓuya."

"Yarinya, kada ki saurare shi," in ji Uwar Yara. "A ƙarƙashin farin nan akwai tsagar da akuya za ta iya leƙowa ta ciki."

"Mama, ni abin da ido ya gani nake rubutawa, hoto kuma shi ne shaidata. Ga bango lafiyayye, ga mai ginin bai ce akwai matsala ba." Ta cire murfin alƙalaminta, ta nemi layin da ake rubuta babu ɓarna.

A daidai nan Yaya ta fito tana dogara sanda. Ta daɗe tana jin su ta taga.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Ƙanena, tunda ka ce lafiya lau ne, hankalina ya kwanta. Ban taɓa jin ka yi ƙarya a kan gini ba. Da ma don tsoro na janye gadona zuwa tsakar ɗaki. Zo ka taya ni mu mayar da shi jikin bangon, ga hadari can yana haɗuwa."

Magini ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ga hadarin. Ya dubi yayarsa, wadda ta goya shi yana yaro. Sai ya miƙa mata hannu.

"Yaya, ara mini sandarki."

Ya ƙwanƙwasa bangon ta gefen ƙofa, ya yi ƙara tim-tim. Ya matsa gindin taga ya ƙwanƙwasa, sai ya yi ƙara kamar garwar da babu ruwa.

"'Yata, kin ji bambancin? Wannan ba bango ba ne, riga ce na sa wa mara lafiya. Ni na gina, ni ruwa ya kunyata, ni kuma na rufe don kada wancan mai allurar ya ji daɗi. Uwar Yara, miƙo guduma."

Sai dai hannun da ya saba aiki ba ya iya ɓarna sakaka. Kafin ya fasa, sai da ya ɗaure igiyar awo, ya ja layi, ya fitar da yaɓen murabba'i, kusurwa huɗu daidai wa daida. Tsagar ta bayyana, tsakuwar da ya cusa tana zubowa.

"Jama'a ku shaida," in ji Tela, "ko tona asirin kansa ma sai da awo yake yi."

Mai Dubawa ta yi dariya har hoton farko ya fita a karkace, ta sake ɗauka. Ta rubuta gidan cikin waɗanda za a sake wa bango tun daga harsashi, ta ce a fitar da tsohuwa daga ɗakin a ranar. Sannan ta ƙara da cewa nan da mako biyu wasu ma'aikatan za su zo su tabbatar, kafin a kawo kaya.

"Baba, don Allah kada a taɓa shi."

"Ba za a taɓa ba," in ji Uwar Yara. Ta shiga ciki ta tattara cokalin gini da igiyar awo, ta kulle a akwatin kayanta, ta ɗaure mabuɗin a bakin zane.

Yaya ta koma falo. Magini kuwa ya yi mako biyu cif yana zama a ƙofar gida, ya juya wa bangon baya, yana amsa gaisuwar Tela da haƙora a cije. Da kayan suka iso, ya rushe bangon ya tayar da sabo cikin kwana shida, shi da kansa ya mayar da gadon Yaya jikinsa. A rana ta bakwai Tela ya zo, murya ƙasa-ƙasa, yana tambaya ko akwai maginin kirki da zai tayar masa da nasa bangon. Magini ya ce ya san wani, amma an ce a riƙa kauce masa.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Inda mai karatu ya ga tuntuɓen alƙalami ko kalmar da ba ta zauna daidai ba, ina roƙo ya fito da ita fili ya gyara, kada ya yaɓe ta.