Abin da ke Ƙarƙashin Ƙara

Shekara ashirin da biyu ina gyaran rediyo a bakin kasuwar Gumel, kuma da kunne nake cin abinci. Wasu sai sun kwance akwati suke sanin ciwonsa, ni daga jin muryarsa na gama ganewa. Shi ya sa a daminar 1996, da kunnena na hagu ya fara wani siririn kuka irin na sauro, ban gaya wa kowa ba, har Asama'u matata. Mahaifina da kurumta ya ƙare, kuma haka tasa ta fara.

Ana cikin haka Malam Ishaya ya zo. Mutumin Filato ne, yana koyarwa a sakandare, ranar Lahadi kuma shi ke kaɗa jita a cocinsu. Ya dire min wata rikoda 'yar gwanjo da ya sayo a kasuwar Maigatari.

"Baba Haladu, da kaset a cikinta na same ta. Ji abin da take yi."

Ya danna. Sai da mai shayin da ke gefena ya miƙe tsaye. Ƙara ce kamar ruwan sama a kan rufin kwano, ganga tana gudu ba numfashi, can nesa wani yana kururuwa.

Na sa wani kaset, rikoda ta yi magana tas. Na sa nasa a tawa, ƙara ta dawo. To, laifin kaset ne. Na kwance shi, na bi zaren da biro a hankali ina neman inda ya taune ko ya yi fumfuna. Babu ko ɗaya, lafiyarsa lau. Wannan ya ba ni haushi, don ban saba abu ya raina min wayo a kan teburina ba.

Takardar kaset ɗin baƙa ce, da zanen daji da taurari suna juyawa cikin launuka masu sa jiri. Sunan mawaƙan kuwa an rubuta shi a harɗe, ko malamin bai iya karantawa ba. Ƙananan rubutun Turanci na baya ya duba.

"Daga wata ƙasar Turai ce mai ƙanƙara. Wai waƙoƙin a kan wani abu ne da ke barci a bayan taurari, ya girmi duniya, bai ma san akwai mutane ba."

Na ce, "A'uzu billahi. Sake kunnawa."

A karo na uku na ji shi. Can ƙasa da ƙarar akwai wani sauti mai tafiya a hankali, ya hau taki huɗu, ya sauko uku, ya sake hawa. Ina binsa sai na ji shagon ya yi min faɗi, irin yadda nake ji ina yaro idan na kwanta rigingine a gonarmu ta Sule Tankarkar na ƙura wa sama ido har na ji zan faɗa cikinta.

"Malam, ka ji wannan na ƙasa?"

Ya karkata kai ya saurara. "Baba, hayaniya kawai nake ji."

Makaɗi ne, shekararsa talatin, kunnensa garau. Idan shi bai ji ba, to babu komai a wurin ke nan, kunnena ne ya fara ƙirƙiro min sauti. Na tsorata ƙwarai. Na ce a raina, in dai haka ne, gobe zan tattara sukudireba na rufe shago, ba zan tsaya ana dariyar kurma mai gyaran rediyo ba.

Na ce, "Je ka ɗauko jitarka."

Ya dube ni kamar zai yi gardama, sai kuma ya hau kekensa. Da ya dawo na kashe rikoda, na rera masa abin da bakina. Muryata ba ta waƙa ba ce, mai shayi har da juya baya yana dariya. Malam Ishaya ya lalubo shi a kan tsirkiya, taki huɗu sama, uku ƙasa, har ya zauna masa a yatsu.

"To riƙe shi haka, kada ka daina."

Na danna kaset. Ƙara ta cika shagon. Yana ta kaɗawa, ni kuma ina kallon fuskarsa. Minti ɗaya ya wuce babu komai. Can sai yatsunsa suka tsaya cak, amma sautin bai tsaya ba, ya ci gaba da hawa da sauka daga cikin rikoda.

Ya ɗaga hannu ya nuna min tsigar jikinsa a tashe.

"Yana nan, Baba! Da gangan suka binne shi. Wane irin mutum ne zai yi abu mai kyau haka sannan ya rufe shi da ƙara?"

Ni ma ban sani ba, kuma har yau ina so in sani. Na zauna a kan benci.

Ya sake tambaya, "Amma ta yaya kai ka ji tun farko?"

Na toshe kunnen dama da yatsa, na juya na hagun wajen sifika. Sauron yana nan yana kukansa. Ƙarar kaset kuwa ta dushe a wannan kunnen, kamar daga nesa take zuwa. Sautin ma yana nan, taki huɗu sama, uku ƙasa.