Inda Aka Haifi Ya'u

"A ina aka haife shi?" in ji akawun kotu, bai ko ɗago kai daga takardar ba.

Malam Sajo ya dubi akawun. Tambayoyin farko duk ya amsa su ba gargada: sunan yaro Ya'u, shi ne mahaifinsa, uwar ta rasu, an haife shi da kaka, shekara ashirin da biyu ke nan. Sai wannan. Idonsa ya sauka kan Alƙur'anin da ke cikin gafaka a gefen tebur, wanda zai dafa idan an gama rubutu.

Ya'u ya sunkuyo, ya yi masa magana da Fulatanci don kada akawun ya ji. "Baba, ka ce garinmu, Ɗanzomo. Yadda muka yi a hanya."

Ya'u ɗalibi ne a jami'a a Zariya, Faransanci yake karantawa. A wannan shekara ta 1975 aka zaɓe su, su goma sha biyu, za a kai su ƙasar Faransa a dogon hutu, su yi wata uku cikin masu harshen. Jirgi zai tashi daga Kano nan da kwana goma sha shida. Fasfo kuwa ba ya fita sai da takardar rantsuwar haihuwa, shi ya sa ya ɗauko uban daga gona, ana tsakiyar noman farko, ya kawo shi Gumel.

"Malam, akwai mutane a bayanka," in ji akawun, wani dattijo mai tabarau da ake kira Malam Ubale.

"A yi mini haƙuri, ranka ya daɗe. Zan je in dawo."

A ƙarƙashin darbejiyar ƙofar kotu Ya'u ya tare shi, fuskarsa duk ta canja.

"Baba, me ya faru?"

"Ba na nan lokacin da aka haife ka. Muna dawowa daga mashaƙari, wurin kiwonmu na damina, a ƙasar Damagaram, ni na yi gaba da shanu, mata suna baya da takarkarai. Sai bayan kwana biyu suka cim mini da kai a goye. Ban taɓa tambayar ko a wane gefen iyaka ka faɗo ba. Wa ke tambayar wannan a lokacin?"

"To ai ba ka sani ba ke nan. Ka ce Ɗanzomo. Haka aka rubuta a duk takarduna tun firamare. Idan aka ga Nijar a wannan, sai a ce sai an tura Legas an bincika ko ni ɗan ƙasa ne. Kafin amsa ta zo, jirgi ya tashi."

"Abin da ban sani ba zan dafa Littafi a kansa?" Sajo ya gyara malfarsa. "A gaban goggonka aka haife ka. Yau Alhamis, tana kasuwar Maigatari, motoci ba sa yankewa. Jira ni a nan."

A bayan wata babbar mota ya tafi Maigatari, tsakanin buhunan gishiri da wasu tumaki biyu. Hanya ta cika da ramuka, ruwan jiya ya kwanta a ciki. Addu'a ɗaya yake ta maimaitawa: Allah Ya sa a gefen nan ne. Shi da kansa bai so a kai yaron makaranta ba. Dagaci ne ya zo rugarsu ya nuna shi da sanda, Sajo kuma ya yi kwana uku bai ci abin kirki ba. Yau ga yaron ya kai inda babu wanda ya taɓa kaiwa a zuriyarsu, kuma ƙofar tana hannun uban, ko ya buɗe ko ya rufe.

Ya sami yayarsa, Adda Asama'u, a layin masu man shanu, bayan kasuwar dabbobi. Ta tsufa, amma idonta da kanta garau suke. Ko gaisuwar kirki bai bari sun gama ba.

"Adda, ranar da aka haifi Ya'u, kun riga kun ƙetare iyaka?"

Ta dube shi, ta rufe ƙwaryarta da faifai. "Wace iyaka? Naƙuda ta kama A'i da hantsi, muka sauke ta gindin wata aduwa. Ni na yanke cibiya, ni na binne mabiyiya."

"Turken ƙarfen nan da Turawa suka kafa. Kun wuce shi, ko yana gabanku?"

Ta ɗaga kai, tana lissafi da ido.

"Washegari muka wuce shi," ta ce. "Na tuna, don a jikinsa na jingina A'i ta huta, jiri na ɗibarta. Tafiyar rabin yini ce tsakaninsa da aduwar."

Ya zauna a ƙasa, cikin laka, bai ma lura ba. Da ya bayyana mata dalili, sai ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Ai a lokacin Faransa muke ce wa can ɗin. Yaron da aka haifa a Faransa shi za a hana zuwa Faransa?" Da ta ga bai yi dariya ba, ta sassauta murya. "Sajo, a Ɗanzomo aka yanka ragon sunansa. A nan kake biyan jangali, a nan ubanmu yake kwance. Daga ni sai A'i muka san aduwar nan, ita kuma ta riga mu. Ni bakina ƙanin ƙafata."

"Da ban zo ba, Adda. Ɗazu ban sani ba. Yanzu na sani."

A hanyar komawa bai yi addu'a ba, don bai san abin da zai roƙa ba. Ya tuna maƙwabcinsu da ya yi rantsuwar ƙarya a kan iyakar gona, damina ba ta kewayo ba sai da aka ɗauke shi a makara. Ya tuna kuma yadda Ya'u ya zo gida da takardar zaɓen nan, yana karanta wa ƙannensa ita sau uku, yana fassara musu. Kafin motar ta shiga Gumel ya yanke shawara. Shi dai ya ci zamaninsa. In akwai abin da zai faɗo, ya faɗo kansa.

An kusa tashi daga aiki da ya iso. Ya'u yana nan inda ya bar shi, ko ruwa bai sha ba.

"Me Goggo ta ce?"

"Ɗanzomo za a rubuta. Samo mini buta."

Ya'u ya tsaya a kansa yana kallo. Sajo ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya kai fuska, sai ya rikice ya koma farko. Ya sake kaiwa gwiwar hannu, ya manta ko sau biyu ya yi ko sau uku, ya sake komawa. Ruwa na ta zuba kan takalminsa. Mutumin da ke ja wa mutanen ruga salla shekara talatin, yau alwala ta gagare shi.

Suka shiga. Malam Ubale ya jawo takardar ɗazu, ya tsoma alƙalami.

"To, Malam. A ina aka haife shi?"

Sajo ya ja numfashi. Kafin ya furta, Ya'u ya riga shi, da Hausa, da murya sarai.

"Malam, a hanya aka haife ni, arewa da Maigatari, a gefen Nijar. Haka za ka rubuta."

Sajo ya juyo. "Kai, wa ya tambaye ka?"

"Baba, ba ka ce Goggo ta ce Ɗanzomo ba. Cewa ka yi za a rubuta."

Malam Ubale ya cire tabarau, ya dubi uban, ya dubi ɗan. Ya tambayi Sajo inda aka haife shi da inda aka haifi mahaifinsa, ya rubuta duka, ya ƙara da cewa makiyaya ne, tafiyar kiwo ce ta kai su. "A sanina, ɗa uba yake bi," ya ce. "Amma ba ni ne masu fasfo na Kano ba. Suna iya bugawa gobe, suna iya turawa gaba. Ban yi muku alkawari ba."

Sajo ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Amma zuciyarsa ta yi nauyi kamar an ɗora mata dutsen niƙa.

A tasha ya kasa kallon yaron. "Na ɓata maka tafiya."

"Ba a sani ba tukuna." Ya'u ya soke takardar cikin aljihun gaba, ya maɓalle. "Zan zauna a Kano in bi ta kullum. Wasiƙa ba za ta iso ku da wuri ba. Asabar, ba wannan ba, ba mai bi mata ba, ta ukun, ita ce ranar tashin jirgin. Idan fasfon bai fita ba, a motar yamma za ka gan ni, ka ajiye mini fartanya. Idan ba ka gan ni ba, na tafi."

Kwana goma sha shida Sajo ya yi yana noma kunya ɗaya sau biyu. Ran Asabar ɗin, tun bayan la'asar ya je bakin hanya a Ɗanzomo, ya tsuguna inda motar Gumel ke sauke mutane. Tun da yaron ya shiga makarantar kwana yake zuwa nan taryensa, amma bai taɓa zuwa yana roƙon Allah kada ya gan shi ba sai yau.

Motar ta iso rana na shirin faɗuwa. Mata biyu suka sauko da ƙullin kaya. Wani tela da kan keken ɗinki. Sai wani dogon saurayi da farar riga ya juyo baya yana saukowa, Sajo ya miƙe zumbur. Saurayin ya waiwayo. Malamin asibiti ne.

"Saura wani a ciki?" ya tambayi direba.

"Babu kowa, Baffa. Baƙo kake jira?"

"A'a," in ji Sajo. Ya tsaya har motar ta juya ta tafi. Ya ce alhamdu lillahi a hankali, ya goge ido da bakin rawani, sannan ya kama hanyar ruga shi kaɗai.