Kyanwar Gidan Malam Japheth

Addu'a ɗaya Sebastian ya iya, ita ma ba ta kai tsawon numfashi ba. Kowace safiya, kafin ya taɓa janaretan da aka kawo gyara rumfarsa a Sabon Gari, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ubangiji, ka yi mini jinƙai yau ma." Shi ke nan. Kakarsa ce ta koya masa a Zonkwa, ita kuwa mace ce da ba ta ɓata yawu. Da addu'ar nan yake jan igiyar inji, da ita yake hawa acaɓa.

Yanzu ga shi da ita za a auna shi.

Budurwarsa Lucia ce ta kawo saƙon. Mahaifinta Malam Japheth, tsohon malamin firamare kuma dattijon coci a Samaru, ya ce saurayin ya zo cin abinci ranar Lahadi. A gidansu baƙo ne ke sa wa abinci albarka, kuma daga addu'ar mutum Malam yake yanke ko zai ba shi 'ya.

"Mijin yayata sai da ya jero annabawa daga Ishaya har Malakai," in ji Lucia. "Duk da haka Baba ya ce ya tsallake Habakkuk."

Chuks, mai sayar da kayan babur a rumfar gefe, ya yi dariya har da buga cinya.

"Oga Seba, kai ai ba addu'a kake yi ba. Filashin kake yi wa Allah!"

"Yana kirana kuwa," in ji Sebastian.

"Suruki ba ya kira. Zauna in koya maka."

Mako guda Chuks yana ɗura masa. A fara da halittar duniya, a raba teku, a rusa Yariko, a ɗaure mayun ƙauye, a roƙa wa gwamnati hankali. Sebastian ya yi ta maimaitawa yana wanke fulogi, har wata mata ta zo karɓar janaretanta ta tarar yana yi masa tsawa cikin sunan Yesu. Ba ta nemi ragi ba.

Ranar Lahadi ya shiga bas zuwa Samaru, takalmin aro na cizon ɗan yatsansa. An jera tuwon shinkafa da miyar taushe a falo, ga soyayyar kaza a faranti. Malam Japheth ya leƙa farantin ta saman tabarau.

"Maman Lucia, yau dai na ga cinya biyu da idona. Kajin gidan nan, ɗana, sai an ce amin a tarar ashe guragu ne."

Lucia ta dubi ƙasa.

"Baƙo zai yi mana addu'a," in ji Malam. "Doka ɗaya ce: a gidan nan ba a buɗe ido a gaban Allah."

Kowa ya rufe ido. Sebastian ya buɗe baki, ya tarar ba kowa a ciki. Tekun ya ƙafe, Yariko ta ɓace, mayun ƙauye sun tsere da igiyarsu. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Ya ji numfashin Malam yana jira, ya ji kamar Lucia tana kuɓuce masa a hankali. Sai bakin ya faɗi abin da ya saba.

"Ubangiji, ka yi mana jinƙai yau ma. Cikin sunan Yesu, amin."

Idanu suka buɗe, don amin ta riga ta fita.

A kan teburin, wata ƙatuwar kyanwa ce tsaye, cinyar kaza a bakinta, ƙafa ɗaya a sama. Ba ta ko yi shirin gudu ba. A lissafinta, yanzu ne addu'a ta kai wajen halittar rana da wata. Ta dubi Sebastian, duban wanda aka ci amanarsa, sannan ta dira ta bi ta ƙarƙashin labule.

"Ashe!" in ji Malam. Ya juya ga matarsa. "Shekara da shekaru ina cewa a kicin kike cinyewa. Kin san da wannan?"

"Ni ina zan sani, Malam? Idona a rufe yake."

"Lucia?"

"Nawa ma, Baba."

Yadda suka haɗa baki ya yi kyau da yawa. Malam ya daɗe yana dubansu, ya rasa ta inda zai kama. Ya kai hannu ga tuwo, ya janye da sauri yana hura yatsa.

"Tuwon nan da zafi!"

"Haka nake sauke shi kullum," in ji matar. "Yau ne dai addu'a ba ta bari ya huce ba."

Aka ci abinci. Malam ya yi ƙari. Da ya wanke hannu, ya cire tabarau ya goge.

"Ɗana, addu'arka ba kai ba wutsiya. Wa ya koya maka?"

"Kakata, Baba."

"Tana raye?"

"Tana nan, har yanzu ita ke noma gyaɗarta."

Malam ya gyaɗa kai, kamar mai duba sakamakon ɗalibin da ya ci jarrabawa ba ta hanyar da aka koyar ba.

"To. Ka turo manyanka. Sauran kuma ni zan koya maka, duk Lahadi, tunda ka zama ɗan gida." Ya damƙe hannun Sebastian. "Mu gode wa Allah. Ya Ubangiji, kai da ka halicci sama da ƙasa tun fil'azal..."

Sebastian ya rufe ido. A farantinsa akwai ɗaya cinyar, wadda Mama ta zuba masa, kunya ta hana shi ci. Wajen tsallaka teku ya ji wani abu mai laushi ya gogi ƙafarsa, ya wuce, ba gaggawa.

"Yau ma, Ubangiji," ya ce a ransa. "Yau ma."