Koren Motar Yaya Murtala

Shebur ɗin ya koma hagu. Na lura da shi ne ina wucewa ta zaure da kwanon fura. Ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon yatsana ba, an ɗaure shi da waya a jikin motar gwangwanin da Baba ke ƙerawa. Makon jiya a dama yake.

Babana, Maitama, maƙerin gwangwani ne a Kaura Namoda, fitilu da mazurari yake yi. Tun da aka aiko cewa yayana Murtala ya rasu a yaƙin Saliyo, kuma ba a kawo gawa ba, Baba ya ajiye aikin kasuwa ya shiga ƙera motar sojan da Yaya yake tuƙawa, da gwangwanayen madara. Hoto ɗaya gare mu, shi ma Yaya ya tare rabin motar yana dariya. Sauran bayanin sai daga bakin Dogo, abokin aikin Yaya da aka sallamo daga soja, wanda ke tahowa daga Zurmi duk ranar kasuwa.

"Baba, wanga koren ai na ganyen yakuwa ne," in ji Dogo. "Tamu ta fi duhu. In ka shiga daji da wagga, daga Shinkafi za a hango ka."

"Kai dai ba ka san godiya ba. Vincent mai fenti ya rufe shago ya tafi garinsu tun da aka ƙaddamar da Shari'a. Ina zan samo maka duhu?"

"Ɗiga baƙi kaɗan."

Baba ya ɗiga, ya gauraya da tsinke, ya kai bakin ƙofa ya duba a rana. Haka suka yi da fitilun gaba, da tayar ajiya, da igiyar tampol. Kujerar direba kuwa babu kowa a kai. Liman ya ce a bar siffar mutum, Baba bai yi musu ba.

Lokacin na gama jami'a ina jiran bautar ƙasa, ni ke kai musu ruwa. A hankali na gane gyaran Dogo zagaye yake yi. Jarkar mai ta hau sama, ta sauko, ta sake hawa. Ran nan na yi ƙarfin hali na tare shi a waje.

"Yaya Dogo, shebur ɗin nan hagu ne ko dama?"

Ya ce, "Nusaiba, in motar ta ƙare, mi Baba zai tashi ya yi da safe?"

Ban faɗa wa kowa ba.

Ranar kasuwa ta gaba Baba bai jira gyara ba. Ya ajiye motar a kan tabarma, ya jera gwangwanayen fenti a gefenta, kore da baƙi da ja da ruwan ƙasa, ya ɗora ƙusa da guduma.

"Dogo, ka wahalar da ni ya isa, na kuma gode. Abu guda ya rage. Wagga motar ta ranar hoto ce. Ni ta ranar ƙarshe nake so. Ban ga gawa ba, ban ga kabari ba. Kai ka gani."

"Baba, a bar ta haka. Ta yi kyau."

"Ban tambaye ka kyau ba. Ƙofa aka harba ko gilashi? Nuna min in huda."

Dogo ya ɗauki motar da hannu biyu. Ya juya ta, ya leƙa ta tagar direba, ya mayar da ita a hankali. Bai taɓa ƙusar ba. Gwangwanin baƙin fenti ya tura gaban Baba.

"Ina da ina?" Muryar Baba ta yi ƙasa.

Dogo ya zagaya motar da yatsa, daga gaba har baya.

"Duka? Har ciki ta ƙone?"

Ina tsaye da butar ruwa, na kasa ajiyewa. Baba ya buɗe gwangwanin yana kallon cikinsa. Dogo ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita.